Sandar tayar amalanke da ta lanƙwashe a gefen walda: nazarin ƙarfe mai ƙananan ƙwayoyi a garajin Garwa

Fiye da shekara talatin ke nan masu bincike suna aiki a kan wani nau'in ƙarfe: baƙin ƙarfe na yau da kullum, mai ƙarancin kabon, wanda aka matsa aka murɗe shi da tsanani har ƙwayoyin cikinsa suka koma ƙasa da maikiromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ba a ƙara masa wani sinadari ba, amma nauyin da yake jurewa kafin ya lanƙwashe ya ninka kusan sau uku. Rauninsa wuta ce. A garajin walda da maƙerun Garwa, Marwa ko Kuseri a arewacin Kamaru kuwa, da wuya a yi wa ƙarfe wani aiki ba tare da wuta ta shiga ba. Wannan nazari ya bi lamari guda tun daga sandar ƙarfe har zuwa gyara. Alƙaluman halin ƙarfen sun fito ne daga gwaje-gwajen da Dong Hyuk Shin da Kyung-Tae Park da abokan aikinsu suka wallafa a Koriya ta Kudu a shekarar 2000, sauran kuma lissafi ne da kowa zai iya maimaitawa a takarda. Duk inda aka ce digiri, ma'aunin Salsiyas ake nufi.

Lamarin

Mu ƙaddara wani garaji a Garwa, irin masu ƙera amalanken jaki da garmar shanu domin manoman auduga na kwarin Binuwai, ya samu 'yan sanduna na wannan ƙarfe. Kaurin kowace sanda milimita 18, tsawonta milimita 130. Kabon kashi 0.15 cikin 100, manganis kashi 1.1, silikon kashi 0.25. Kafin a matsa shi, wannan ƙarfe yakan fara lanƙwasa a kusan megafaskal 310 (megafaskal ɗaya shi ne nauyin niyuton ɗaya a kan kowane murabba'in milimita). Bayan matsa, sai ya haura 900.

Dabarar mai garaji mai ma'ana ce. Ya saba yin guntuwar sandar taya da ƙarfe mai kaurin milimita 25. Yanzu zai sassaƙe sabuwar sandar zuwa milimita 17, ta shiga boris mai lamba 6203, ya rage nauyi, ya rage kuɗin boris. Lissafi ma yana goyon bayansa. Sanda mai milimita 25 ta tsohon ƙarfe tana fara lanƙwasa idan ƙarfin karya a gindinta ya kai niyuton-mita 475. Mai milimita 17 ta sabon ƙarfe tana kaiwa kusan 434. Amalanke mai nauyin kilo 500 da kaya yana ɗora wa kowace taya kusan niyuton 2,450, kuma idan tsakiyar tayar tana nesa da gindin sanda da milimita 50, ƙarfin karya ya zama kusan niyuton-mita 123. Ko taya ta faɗa rami nauyin ya ninka, 245 ne. Akwai rara.

Sai aka huda faranti mai kaurin milimita 10 a jikin amalanken, aka zura sandar, mai walda ya zagaye ta da sandar walda mai milimita 2.5 a kan amfiya 80, ta ɓangaren taya. Bai jira ta huce ba ya juya ya zagaye ta baya, yadda ake yi kullum. Amalanke babu kaya, lafiya lau. Da kaya a kan kwalta, lafiya lau. Da ya shiga hanyar gona mai ramuka, sai saman tayoyin ya fara karkata zuwa jikin amalanke. Da aka cire taya, waldar tana nan daram, babu tsagewa. Sandar ce ta tanƙware, 'yan milimita kaɗan daga bakin waldar.

A irin wannan hali mai walda yakan ce, "Maigida, waldata ba ta saki ba, ƙarfen ne jabu." Rabin maganarsa gaskiya ce: waldar ba ta saki ba. Ƙarfen kuwa ba jabu ba ne lokacin da ya shigo garajin.

Abin da aka yi wa ƙarfen kafin ya zo

Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da tsarin atam ɗinta yana fuskantar wani ɓangare. Idan ƙarfe ya lanƙwashe, layukan gocewa ne ke tafiya a cikin ƙwayar, wato wuraren da jerin atam ya zame daga matsayinsa. Iyakar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya tana tare waɗannan layuka. Yawan iyakoki, yawan tsaiko, yawan ƙarfi. Hall a 1951 da Petch a 1953 ne suka sa wa wannan lissafi: ƙarin ƙarfin da iyakoki ke bayarwa yana ninkawa sau goma idan girman ƙwaya ya ragu sau ɗari.

Hanyar da aka bi da waɗannan sanduna ita ce ake kira ECAP, wadda Vladimir Segal ya ƙirƙira a Minsk a shekarun 1970, Ruslan Valiev da mutanensa a Ufa kuma suka nuna a farkon shekarun 1990 cewa tana iya samar da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi. Kayan aikin wani dunƙulen ƙarfe ne mai tauri, da rami biyu masu faɗi ɗaya da suka haɗu a kusurwar digiri 90. Ana tura sandar ta sama da injin matsa, ta karya kwana, ta fito ta gefe da kaurinta na farko. Tunda kaurin bai canza ba, ana iya maimaitawa. A gwajin Koriya sau huɗu aka tura, a zafin digiri 350, ana juya sandar rabin zagaye tsakanin turi da turi. Ƙwayoyin ferait, wato ƙarfe kusan zalla wanda shi ne mafi yawan jikin sandar, da suke kusan maikiromita 30 suka koma tsakanin 0.2 da 0.3. Akwai wasu hanyoyin: murɗa faifai ƙarƙashin matsi mai tsanani, wadda ta samo asali daga aikin Percy Bridgman a Amurka a 1935, da naɗe faranti a yanka a jera a sake naɗewa, wadda Saito da Tsuji suka fito da ita a Osaka a 1998. Duk matsalarsu da zafi iri ɗaya ce.

Ga inda matsalar take. Iyakar ƙwaya wuri ne da atam ba su zauna daidai ba, don haka tana ɗauke da makamashi. A ƙarfe mai ƙwayar maikiromita 30, faɗin dukkan iyakokin da ke cikin dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe kusan kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ne. A mai ƙwayar 0.3, ya kai kusan murabba'in mita 10. Ga kuma layukan gocewa da matsar ta cusa a ciki birjik. Duk wannan makamashi ne da ƙarfen ke neman saki, kuma abin da ya hana shi kawai shi ne atam ba sa iya motsi a sanyi. Ƙarfin sandar da abin da ke neman rusa shi abu ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa ganin an ƙona tsohuwar taya don a ciro wayar cikinta ya ga wannan da idonsa: wayar da ba ta tanƙwaruwa da hannu takan fito daga toka da laushi, a ɗaure kaya da ita.

Yadda zafi ke kwance shi

Masu gwajin sun ɗumama guntaye na sa'a ɗaya-ɗaya a zafi daban-daban, daga digiri 420 zuwa 600, suka duba cikinsu.

Har zuwa kusan digiri 510, ƙwayoyin ba su yi wani girma ba. Abin da ke faruwa a wannan mataki sassautawa ce: layukan gocewa suna haɗuwa suna kashe juna, wasu suna shigewa cikin iyakoki, iyakokin da suke a hargitse suna miƙewa. Ƙarfi yana ɗan raguwa, ƙarfen yana ɗan ƙara miƙuwa kafin ya tsinke. Wannan mataki ma alheri ne idan an yi shi da sani, domin ƙarfen da ya fito daga matsa kai tsaye ba ya da haƙuri: da zarar ya fara miƙewa sai wuri ɗaya ya tsuke, miƙuwarsa gaba ɗaya ba ta fi kashi 10 ko 11 cikin 100 ba, alhali ta farko ta kai kusan 30.

A kusan digiri 540 sai labari ya canza. Wasu ƙwayoyi ƙalilan, waɗanda suka riga saura tsabta, sukan fara cinye maƙwabtansu. Sai a ga manyan ƙwayoyi sababbi, marasa layukan gocewa, a warwatse cikin ƙanana. A digiri 600 ferait ɗin ya sabunta kusan gaba ɗaya, ƙwayoyi sun koma maikiromita da dama, ƙarfin kuma ya gangaro kusa da inda ya faro. Tazarar da ke tsakanin "ba abin da ya same shi" da "ya tafi" ba ta kai digiri ɗari ba. Wannan ƙuncin tazara shi ne abin da ya kamata mai aiki da ƙarfen ya riƙe fiye da komai.

Wani abu kuma yana faruwa ga simantait, wato sinadarin ƙarfe da kabon da ke jere falle-falle a cikin wasu yankuna da ake kira pelait. Matsar ta riga ta kakkarya fallayen, har wani ɓangare na kabon ɗin ya narke ya shiga ferait. Da zafi ya zo, sai ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwallaye da sauri fiye da yadda yake yi a ƙarfen da ba a matsa ba. Waɗannan ƙwallaye suna da amfani, domin iyakar ƙwaya idan ta zo wucewa takan maƙale a jikinsu. Lissafin Zener, wanda Smith ya wallafa a 1948, ya ce girman da ƙwaya za ta tsaya a kai shi ne kusan huɗu bisa uku na rabin kaurin ƙwallon, a raba da rabon da ƙwallayen suka ci a jikin ƙarfen. Kabon kashi 0.15 yana ba da simantait kusan kashi 2.2 cikin 100. Idan rabin kaurin ƙwallo nanomita 25 ne (nanomita dubu ne maikiromita ɗaya), ƙwaya za ta tsaya a kusan maikiromita 1.5. Idan rabin kaurin ya girma zuwa nanomita 100, sai maikiromita 6. A nan ma akwai cikas: a ƙarfe mai ƙarancin kabon simantait ɗin yana taruwa ne inda pelait yake da can, ya bar manyan filayen ferait babu mai tsaron iyaka. A waɗannan filaye ne sabunta ƙwaya ke farawa.

Zafi shi kaɗai bai isa bayani ba, sai da lokaci

Digiri 510 iyaka ce ta sa'a ɗaya. Walda kuwa daƙiƙu ce, murhu kuma watanni ne. Don kwatanta su ana aron lissafin Hollomon da Jaffe na 1945: a ɗauki zafi a ma'aunin Kelbin, a ninka shi da jimlar 20 da logaridim ɗin sa'o'i. Sa'a ɗaya a digiri 510, wato Kelbin 783, ta ba da 15,660. Idan aka riƙe wannan adadi aka canza zafi, ga lokacin da ke fitowa: a digiri 350, fiye da shekara 15, a 400, kusan wata biyu da rabi, a 450, kusan kwana biyu, a 600, kusan daƙiƙa 30, a 650, kusan daƙiƙa 3, a 700, ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

An tsara wannan lissafi ne domin ƙarfen da aka tsoma a ruwa aka sake ɗumamawa, don haka jagora ne kawai. Gwajin Koriya ma ya nuna ta inda yake karkata. An bar guntu a digiri 480 har sa'a 72, ƙwayoyinsa ba su wuce rabin maikiromita ba, alhali lissafin ya ba wannan 16,460, wanda ya haura na sa'a ɗaya a digiri 540. Ma'ana, ƙarfen ya fi lissafin jin bambancin zafi. A ɓangaren sanyi yana daɗewa fiye da yadda takarda ta ce, a ɓangaren zafi kuwa bai kamata a dogara da daƙiƙun da ta bayar ba, a ɗauka sun fi haka gajarta.

Daga nan za a ga zafin ranar Garwa a watan Maris da Afrilu, ko da iska ta haura digiri 40 ƙarfe ya gagari taɓawa, ba shi da hannu a wannan lamari. Mutane kan fara zarginsa, kuma ɓata lokaci ne.

Abin da ya faru a gefen walda

Amfiya 80 a kan kusan bolt 24 ya ba da wat 1,920. Kusan kashi 80 cikin 100 ne ke shiga ƙarfe, wato wat 1,500. Zagaye sandar ya ɗauki kamar daƙiƙa 25, don haka zafin da aka zuba ya kai kilojul 37. Faranti ya sha kaso mai yawa, amma sanda siririya ce, kuma zafin da ya shige ta ba shi da hanyar tsira sai tsawonta. Idan kilojul 15 suka shiga, lissafin tafiyar zafi a sanda ya nuna wurin da ya kai digiri 640 yana iya nisan kusan santimita ɗaya daga waldar. Zagaye na biyu a kan sanda mai zafi ya ƙara faɗaɗa yankin, ya kuma tsawaita lokacin.

Idan aka tsaga sandar a tsaye daga walda zuwa waje, yankuna za a tarar a jere. Dab da waldar, inda zafi ya haura digiri 1,100, ƙarfen ya koma ostenait, wato tsarin da atam ɗinsa ke ɗauka a zafi mai tsanani, da manyan ƙwayoyi, da ya huce da sauri ya fito da ɗan tauri. Bayansa, tsakanin kusan 860 da 1,100, ƙwayoyi sababbi masu matsakaicin girma. Sai yankin 727 zuwa 860, inda wani ɓangare kawai ya sauya. A duk waɗannan, aikin matsa ya shafe sarai, domin ƙarfen da ya koma ostenait ya manta abin da aka yi masa.

Yanki na huɗu shi ne abin dubawa: inda zafi ya tsaya tsakanin kusan 620 da 727. A ƙarfen rodi ko farantin da mai walda ya saba da shi, wannan yanki ba ya yin wani canji sosai, tunda ƙarfen dama a sake yake, babu makamashin da zai saki. Shi ya sa gogaggen mai walda bai san da zamansa ba, kuma ba laifinsa ba ne. A ƙarfe mai ƙananan ƙwayoyi kuwa, a nan ne ƙwayoyi ke sabuntawa ba tare da saurin hucewa ya ba su wani tauri ba. Wuri mafi laushi a sandar yakan faɗo a nan ko a bakin yankin da ke gabansa.

Yanzu a maido lissafin farko. Idan wannan yanki ya koma tsakanin megafaskal 310 da 400, sanda mai milimita 17 za ta fara lanƙwasa a niyuton-mita 150 zuwa 190, maimakon 434. Nauyin amalanke a kan kwalta 123 ne, shi ya sa gwajin farko ya wuce lafiya. Faɗawa rami 245 ne, shi ya sa hanyar gona ta tona asiri. Kuma sandar da aka kafe ta gefe ɗaya, ƙarfin karya ya fi yawa ne a gindinta, daidai inda wuta ta yi ɓarna. Da an nemi wurin da ya fi muni a sa walda, da wannan za a zaɓa.

Akwai abu biyu da ko babu laushin za su dami wannan tsari. Ƙanƙantar ƙwaya ba ta ƙara wa ƙarfe tsayuwa, wato ba ta rage lilon da yake yi ya dawo daidai: ma'aunin tsayuwar kowane baƙin ƙarfe yana nan a kusan gigafaskal 210, don haka sanda mai milimita 17 tana lilo kusan sau biyar fiye da mai 25 a ƙarƙashin nauyi ɗaya. Sannan bakin walda wuri ne da tsagewar gajiya ke farawa, kuma juriyarsa ga girgiza ba ta ƙaruwa don an kawo ƙarfe mai ƙarfi.

Yadda za a tabbatar

A garaji, magagari ya isa a fara. A goge saman sandar, a ja magagari da nauyin hannu ɗaya daga can ƙarshe zuwa gindi. Zai riƙa zamewa, sai ya zo kusa da walda ya kama ya ci. Haka idan aka jera alamar ƙusar maki a tazarar milimita 3 da bugu iri ɗaya: ramukan kusa da walda za su fi faɗi.

Don samun adadi sai ɗakin gwaji, kuma makarantun injiniya na Marwa da Ngaundare ne wurin fara tambaya. A tsaga sandar a tsaye da zarto ana zuba ruwa, kada a yi da faifan yanka a bushe, don shi kansa zai ƙona fuskar da ake son aunawa. A goge har ta yi sheƙi, a auna tauri da na'urar Vickers kowane milimita ɗaya. Ƙarfen da bai taɓu ba zai ba da kusan 280 zuwa 300, asalin ƙarfen kafin matsa kusan 150, kuma za a ga adadin ya faɗa kwari kusa da walda. Daga nan a shafa ruwan nital, mililita 2 na asid ɗin naitirik cikin 98 na alkohol, na 'yan daƙiƙu, a duba da madubin ƙara girma. Ƙwayar maikiromita 0.3 ta yi wa madubin haske ƙanƙanta, sai dai a ga dishi-dishi da zane-zanen da matsa ta bari. Inda aka ga ƙwayoyi fes, masu iyaka a bayyane, nan ne ƙarfen ya sabunta. Ganin ƙwaya da kyau a wannan ƙarfe mummunan labari ne.

Sauran ayyukan garaji

Tambayar da za ta biyo baya ita ce ko maƙeri zai iya dawo da shi. Ba zai iya ba. Idan ya zuga shi ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, wato ya haura digiri 770, ya ƙara zuga ya tsoma a ruwa, zai samu ɗan tauri a fata, amma kabon kashi 0.15 bai isa ya taurara sanda mai wannan kauri har cikinta daidai ba, kuma ragowar sandar da take da lafiya ita ma ta tafi. Ƙananan ƙwayoyin matsa ce ta haife su, matsa ce kaɗai ke dawo da su.

Miƙar da sandar da wutar gas shi ma haka. Ƙarfe yana fara nuna ja a cikin duhu ne a kusan digiri 525, wanda ake gani da rana a rumfar garaji kuwa ya wuce 600 da nisa. Ƙa'ida mai sauƙi: in ido ya ga ja, an riga an makara. Liƙi da tagulla yana buƙatar kusan digiri 900, ba ya cikin lissafi. Gasa ƙarfe bayan walda don a sassauta shi, wanda ake yi a digiri 550 zuwa 650 na kusan sa'a ɗaya, ga wannan ƙarfe kisa ne.

Waɗanda ba su da haɗari ga ƙwayoyin: liƙi da dalma da kuza a ƙasa da digiri 250, gasa fenti, da tsomawa a narkakken tutiya a digiri 450 na 'yan mintuna, ko da yake wankin asid da ake yi kafin tsomawa yana buƙatar kula a duk ƙarfen da ƙarfinsa ya kusa megafaskal dubu. Sassaƙa da huda ba matsala idan bakin kaifi ne kuma ana zuba ruwa. Gurza da faifai kuwa a yi hattara. Launin bula da ke fitowa a ƙarfen da aka ɗumama a hankali alamar kusan digiri 300 ce, amma a gurza fatar ƙarfen takan yi tsalle ta wuce haka cikin ƙiftawar ido, launin bai samu lokacin nunawa ba. A sandar da ake lanƙwasawa, fata ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi.

Masu haɗa ƙarfen suna da nasu maganin tun daga tukunya. Ƙara banadiyam, niyobiyam ko titaniyam kaɗan yana haifar da ƙwallayen kabaid, wato haɗin waɗannan sinadarai da kabon, na 'yan nanomita a cikin ferait ɗin kansa, kuma masu binciken Koriya sun ga ƙarfe mai banadiyam ya fi wanda babu jure ɗumamawa. Ƙarin kabon yana ba da simantait mai yawa da ya fi bazuwa. Amma duk wannan ɗaga iyakar yake da 'yan gomomin digiri. Babu wanda ke tsallake 727 a irin wannan ƙarfe, kuma waldar lantarki narkar da ƙarfe take, sama da digiri 1,500.

Gyara

Sandunan da aka riga aka yi wa walda a cire su. Miƙar da su a sanyi zai mayar da taya daidai na ɗan lokaci, amma wurin laushin yana nan, kuma kowace lanƙwasa da miƙewa tana kusantar da tsagewa.

Ga sauran sandunan, tsarin da ya dace shi ne a raba wuta da sanda. A sassaƙa kube, wato guntu mai rami da sandar za ta shiga, daga ƙarfe na yau da kullum, kaurin waje milimita 35 zuwa 40, tsawo milimita 40. Shi za a yi wa walda a jikin amalanke, a zagaye shi yadda ake so, a bar shi ya huce da kansa. Bayan ya huce ne za a gyara raminsa, domin walda tana karkatar da rami. A bar ramin ya fi sandar ƙunci da kusan milimita 0.02. Sai a ɗumama kuben zuwa digiri 200 ko 250, lokacin da gogaggen ƙarfe ya fara ɗaukar launin kara: ƙarfe yana buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri, don haka rami mai milimita 17 zai ƙaru da kusan 0.04, sanda mai sanyi ta shige da bugu kaɗan. Wannan zafi bai kai rabin iyakar ƙwayoyin ba. A bayan kuben a riƙe sandar da noti a kan zaren da aka yanka a sanyi, ko a huda a sa fil. Hudar ta kasance can baya inda babu nauyi, don ƙarfe mai ƙarancin miƙuwa ba ya son rami ko kaifin kusurwa a wurin da yake wahala. Bakin kuben ta ɓangaren taya a kashe masa kaifi.

Idan dole sai an ɗiga walda, a yi ta a ƙarshen baya kawai, ɗigo biyu ko uku na daƙiƙa biyu-biyu, a naɗe gaban da jiƙaƙƙen tsumma, a jira hannu ya iya taɓawa kafin ɗigo na gaba. Da kube mai milimita 40, yankin laushi zai tsaya aƙalla milimita 25 daga bakin da nauyi yake.

Ko da wannan gyara, ra'ayinmu shi ne sandar tayar amalanke ba wurin wannan ƙarfe ba ne. Amalanke yana yawo ƙauye-ƙauye, kuma ranar da wani abu ya saki a kasuwar Pitowa ko a hanyar Lagdo, mai waldar da ke kusa zai kunna injinsa ya ɗora wuta a inda ya ga dama, ba tare da ya san abin da ke hannunsa ba, tunda a ido babu bambanci tsakanin wannan sanda da rodi. Sanda mai milimita 25 ta ƙarfe na yau da kullum ba ta damu da hakan ba. Sandunan da suka rage sun fi dacewa da fil da ƙusoshin haɗi da ake zurawa a cire da hannu, waɗanda ba sa zama kusa da salansa ko murhu, kuma a buga musu alama a kai, a faɗa wa mai kayan da baki cewa kada wuta ta taɓa su.